Sunayen da Iya Ta Ce In Riƙe

Duk sanda aiki ya bi da ni hanyar Gumel zuwa Sule Tankarkar, nakan rage gudun babur in na hango kukoki sun taru a inda babu gari. Abokan aikina, malaman dabbobi irina, sun ɗauka yashi nake tsoro, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Hanya ce mai kwanciyar hankali. Gonakin riɗi da zoɓo hagu da dama, shanu kwance a gindin gawo, jefi-jefi ka yi kiciɓis da raƙuma sun nufi kasuwar Maigatari. Amma ni ba na ganin kuka babu gida kusa ban tuna da Iya ba.

Iya ita ta haifi babanmu. A gidanmu na Ɗanzomo, in an gama girbi sanyi ya shigo, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da zarar mun ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura gyaɗarsa cikin toka. Ni take ce wa Maigida, kuma kullum sai ta yi min gorin ko ɗankwali ban taɓa saya mata ba.

"To, ga ta nan tafe," haka take fara tatsuniya. "Ku matsa mata ta ji ɗumi."

Akwai guda da ta fi maimaitawa. Wani falke ne ya taso daga Gumel da jakunansa zai je Damagaram. Da la'asar sakaliya ya iso wani gari mai kukoki, rijiyarsu cike, rumbunansu cike. Ya yi sallama, aka tare shi da fura mai sanyi, aka shayar masa da jakuna. Sai dai babu wanda ya tambaye shi labarin hanya. Kowa sai ya zo ya durƙusa, ya faɗi sunansa, ya ce, "In ka isa cikin mutane, ka ambace ni."

A nan Iya takan soma jero sunayen a hankali, idonta a kan wuta. Delu mai daddawa. Nomau maƙeri. Tasalla da tagwayenta. Haka za ta yi ta yi, sun fi ashirin, ba ta taɓa sauya musu jeri ba. Mu kuwa nan ne wurin da ya fi gundurar mu, kuma ni ne uban marasa haƙuri.

"Iya, don Allah tsallake sunayen nan, ki kai mu wajen aljanun!"

"Wa ya ce maka aljanu ne, Maigida? Mutane ne kamar ka. Kai dai ka riƙe."

Da gari ya waye, falke ya farka a kan yashi. Babu ɗaki, babu rumbu, sai kukoki da bakin rijiyar da ta rufta. Ashe a kufai ya kwana, inda aka taɓa yin gari ya watse. Ya kora jakunansa a guje, tsoro ya zubar masa da sunayen kaf. Har ya mutu, in ji Iya, duk kufan da ya gifta sai ya ji ana tambayarsa, "Ka ambace mu?" Shi ya sa matafiyi ba ya wuce kufai bai yi sallama ba. Wannan tatsuniyar ba ta rufe ta da barkwanci kamar sauran. Toka kawai take turawa kan garwashi, ta ce mu tashi.

Ina karatu a Kano ta rasu. A zaman makoki na ɗauko wa Baba labarin falke don in ɗan sa shi murmushi. Bai yi ba.

"Delu mai daddawa ai ita ta haifi Iya," ya ce. "Garinsu ne. Iya tana yarinya rijiyarsu ta ƙafe, kowa ya kama gabansa, wasu Nijar, wasu wajen Gagarawa. Waɗanda take lissafo muku su ne aka binne a can."

Na bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tuna jakuna, kowa ya tuna fura, babu wanda ya riƙe sunaye. Baba ma Delu kaɗai ya sani. Cikin fiye da ashirin, uku na tsira da su, kuma har yau ina jin kunyar bakin nan nawa da ya ce ta tsallake. A da na ɗauka tsoro take koya mana. Ashe amana take ba mu, mu kuwa hankalinmu na kan gyaɗa.

Bara, wani dattijon Bafulatani da na yi wa shanunsa allura ya nuna min wasu kukoki can nesa da titi.

"Malam, can an taɓa yin gari. Kakanninmu sun shayar a rijiyarsu. Sunansa kam, sai Allah."

Ban san ko garin su Iya ne ba, Baba ma bai san inda garin yake ba, kuma babu wanda zan tambaya. Na je da rana tsaka. Gonar gero ce yanzu, an girbe, fasassun tukwane a warwatse tsakanin kunyoyin gona. Wurin shiru, ko kukan kurciya babu. Na cire takalmina, na yi sallama da ƙarfi. Na ce Delu mai daddawa. Na ce Nomau maƙeri. Na ce Tasalla da tagwayenta. Na daɗe a tsaye ina jiran na huɗu ya faɗo min, bai zo ba.

Sai na kira sunan yankan Iya, wanda ban taɓa furtawa ba tana raye. Na ce Hanne 'yar Delu, mai ba jikoki tatsuniya.