An Ce Mata Mama Ta Yi Tafiya

Ni dai tun ina budurwa ban iya wuce masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ban tsaya ba. Abokan aikina na biro, wato ofis, in wata ya ƙare, kasuwar Lazare suke nufa duba atamfa. Ni kuwa sai a gan ni tsugune gaban tabarmar mai littattafai, ina tono masu hotuna, na yara. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma mutane ba su gaji da tuna mini ba. "Wa za ki karanta wa?" Nakan ce, yaran unguwarmu ta Bukoki sun ƙare ne?

Kullum bayan la'asar, in na taso aiki, nakan shimfiɗa tabarma gindin dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Sai su fara shigowa: ƴaƴan telan ƙofar gida, ƴaƴan maƙwabciyarmu Bazabarma, da wasu da ko iyayensu ban sani ba. Rubutun da Faransanci yake, ni kuma ina juya shi Hausa ina tafiya, in yi wa kura muryarta, in yi wa zomo tasa. Mahaifiyarmu, Hajiya, wadda ke zaune wurina tun rasuwar babanmu, takan leƙo ta ce ba a tatsuniya da rana. In ce mata wannan littafi ne. Ta ce ƙarya dai ƙarya ce, ko an yi mata bango.

Ana haka ƙanwata ta rasu a Damagaram wajen haihuwa, ita da abin cikin. Ta bar yarinya ɗaya wadda ba ta fi shekara shida ba. Uban direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar Kotonu take, don haka da muka je zaman makoki aka ba ni riƙonta. Tun ranar da abin ya faru an kai ta gidan wasu dangi, ba ta ga wanka ba, ba ta ga makara ba. Da ta tambaya, aka gaya mata abin da ake gaya wa yara a gidanmu tun kaka da kakanni: Mama ta yi tafiya.

A cikin motar da ta dawo da mu Yamai na fara ja da Hajiya, yarinyar na barci a cinyata.

"Hajiya, wannan maganar ba za ta ɗore ba. Gara a gaya mata."

"Ke kika san yara ko ni? Zuciyar yaro ba ta ɗaukar mutuwa. In ta girma ta gane da kanta, kamar yadda kowa ya gane."

"To in ta tambaye ni fa?"

"Ki ce ta yi tafiya. Ai tafiyar ce ta yi. Ban yafe miki ba in kika buɗe baki."

Ina da baki, duk biro an shaida, amma ban da bakin da zai tsallake wannan kalmar. Kuma tsohuwar ta zube. Wadda ke shanye ƙwaryar fura ita kaɗai ta koma sai an yi da gaske take kurɓar koko. Na haɗiye maganata.

Da farko yarinyar ba ta shiga cikin yara. Takan tsaya bakin ƙofar ɗaki da yatsa a baki tana kallonmu. Ban kira ta ba, na dai riƙa karkata littafin yadda za ta hangi hoton. A hankali ta matso bakin tabarma, daga nan ta dawo kusa da gwiwata, har ta zama ita ke juya mini shafi. Ranar da ta yi dariya don na yi kukan jaki, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Na ce a raina, ga amfanin tarkacen da ake yi mini gori a kai.

Sai ta tono wani littafi daga ƙasan kwali, wanda ni na ma manta da shi. Labarin wata raƙumar dawa ne da fari ya matsa musu, ta bar ɗanta gindin gawo ta tafi neman ruwa. Ɗan ya yi ta jira. Ya tambayi zabuwa, ya tambayi kunkuru, kowa ya ce ya ƙara haƙuri. A shafin ƙarshe ga uwar ta dawo, ta sunkuyo da dogon wuyanta tana lasar kansa. Ban tuna inda labarin ya dosa ba sai da na kai tsakiya, kuma yara ba sa yarda a tsaya a tsakiya. Na karanta shi har ƙarshe.

Tun daga ranar ba ta son wani sai shi. Sauran yara su yi ta ƙorafi, ita ta rungume shi ta ce, "Tanti, na raƙuma." In mun zo shafin ƙarshe sai ta ɗora tafin hannunta a kan hoton, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ni kuwa na tsani littafin nan. Hajiya sau ɗaya ta faɗi tata maganar, ni ce nake maimaita ta kowace yamma, da murya mai daɗi, har da hoto mai launi. Abin da na fi so a duniya shi ya zama igiyar da nake ɗaure yarinyar da ita. Na ɓoye shi a saman almuru, kabad ɗin kayana, ta ƙi cin tuwo sai da na sauko da shi. Na yi tunanin canza ƙarshen, amma yaya zan yi da hoton? Gaba kura, baya sayaki.

Na koma wa Hajiya. Ta juya fuska bango ta ce, "Ki bar ni in ji da ɗaya." Na fito ina huci, na sauke fushina a kan mai kawo mana ruwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wata Asabar zazzaɓi ya kwantar da ni. Yaran suka zo kamar kullum, na ce musu yau babu. Daga kan gado na ji ba su tafi ba. Na ɗaga labule kaɗan, sai ga yarinyar zaune a wurina, ta miƙe ƙafafu yadda nake yi, littafin a buɗe, ƙanana sun kewaye ta. Ba ta iya karatu ba tukuna, amma ta haddace shi tsaf, har da muryar kunkuru. Ta zo shafin da ke kafin na ƙarshe, inda ɗan raƙumin ke tsaye shi kaɗai. Sai ta rufe littafin.

"Shi ke nan," ta ce. "Ba ta dawo ba."

"Ƙarya ne!" in ji ɗan tela. "Akwai saura! Buɗe mu gani!"

"Wannan na yara ne aka sa. Ta mutu a hanya. Zabuwa ta sani, kunkuru ma ya sani. Ba sa son ya yi kuka ne."

Ban san lokacin da na sauko daga gado ba. Na sallami yaran, na jawo ta jikina, zazzaɓin ma na manta da shi.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Na ga takalman Mama a akwatin Kaka, duka, har da na zuwa biki. Ai ba a tafiya ba takalmi." Ta ɗago ta dube ni. "Tanti, kar ki gaya wa Kaka. Ita ba ta sani ba. Kullum cewa take za ta dawo."

Watanni ina neman kalmar da zan gaya mata, ashe ita ce take lallaɓa mu. Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba a Damagaram, tana bubbuga bayana da ɗan hannunta.

Daga ɗaki Hajiya ta yi tari, ta tambayi abin da ya kori yaran da wuri. Yarinyar ta zame daga jikina, ta goge fuska da bakin riga, ta ɗauki kofin kokon da ya huce a bakin ƙofa ta shiga. Ina tsaye ina jin ta.

"Kaka, tashi ki sha. In Mama ta dawo ta ga kin rame, faɗa za ta yi mana."