Tebur Mai Gogaggen Fenti a Hagu

Har in tsufa ba zan manta ranar da na fara taɓa kwamfuta ba. Ina aji uku a sakandare aka kwaso mu goma daga Tsafe zuwa wani ɗakin koyon kwamfuta a Sabon Garin Gusau, za a zaɓi huɗu su yi horo a hutu. Da muka shiga, 'yan uwana duk na'urorin suka zuba wa ido. Ni tebur na kalla. A tebura biyu fenti ya goge ta dama, inda ake jan linzami, wato ɗan abin nan mai waya da ke motsa kibiya a allon. A na uku kuwa ta hagu ya goge, alhali linzamin yana dama.

Ni kuwa bahaguwa ce. Tun ina ƙarama Inna take buge mini hannu, har na koyi ci da rubutu da dama. Amma zaren allura da tsintar shinkafa, hagu ke yi a ɓoye.

Gwajin ba wuya: ka kai kibiya kan hoton wata jaka, ka danna maɓallin hagu sau biyu da sauri, ta buɗe. Sau uku aka ba kowa. Wata 'yar ajinmu, 'yar Bungudu, ta ɗaga linzamin sama tana kaɗa shi kamar mai kiran kaji, muka yi ta dariya, amma a na biyu ta buɗe. Da aka zo kaina, a tebur na ukun nan, na kama linzamin da dama. Kafin in danna na biyu kibiyar ta gudu. Haka na kasa har sau biyu.

Malamin da ke gwada mu ya juya yana amsa gaisuwar wani, sai na zura hagu a sace. Kibiya ta tafi sumul ta tsaya kan jakar. Na danna da manuniya, ban san ta sauka kan maɓallin dama ba, sai ga wani jerin rubutu ya fito. Na janye hannu, amma allon ya riga ya tona ni.

Ya dubi allon, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

“Mi kike ɓoyo, 'yata?” ya ce yana murmushi. “Teburina ne wannan. Don ku na maido linzamin dama.”

Ya zagayo da wayar ta bayan na'urar, ya ajiye linzamin daidai kan gogaggen fentin, ya shiga wani wuri a cikin kwamfutar ya taɓa, ya ce yanzu maɓallan sun yi musayar aiki. Ya gaya mana waɗanda suka tsara abin sun san ba hannu ɗaya Allah ya yi wa kowa ba, shi ya sa suka bar wannan ƙofa. Na danna sau biyu, jaka ta buɗe. Sunana ne na huɗu.

Yau nakan tsara irin waɗannan allunan, kuma kafin in ce mutum ya kasa, sai na duba ko kayan ne ba a yi don hannunsa ba. A teburin nan na koya.

Da za mu tafi na tsaya a bakin ƙofa, ni da ko a aji ba a jin muryata, na ce, “Malam, don Allah in na dawo ka nuna mini wurin da ka taɓa. Ina da ƙanwa irina a gida.”