Numfashi a Ɗakin Bene

Har gobe in aka kawo wuta na ji fanka ta fara juyi, sai wata Azahar a Yakasai ta faɗo min a rai. Ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

Gyaran kwamfuta nake yi. Ina da wani aboki, Allah Ya jiƙansa, wanda ba ya ƙaunar ganin na'ura tana tafiya a hankali. Ya ci kwakwa kafin ya mallaki wata madabod mai tsada, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta suke maƙale a jikinsa, irin wadda ake ƙure wa gudu fiye da yadda aka ƙera ta. Saboda zafi, har bututun ruwa da ɗan famfo ya haɗa mata. Nakan tsokane shi in ce, wanda rigarsa ɗaya ce shi ne yake yi wa kwamfuta wanka.

Bayan an yi arba'in ɗinsa, ƙaninsa ya same ni a shago. Ya ce kwamfutar tana tashi da kanta a ɗakin bene, tana wani irin kakari, matan gida sun daina hawa shanya. 'Yan'uwa sun yanke shawarar a farfasa ta, a ɗauke Hajiya, mahaifiyarsu, daga gidan da aka kawo ta tun tana amarya.

Dariya ta kusa ƙwace min. Na ce masa ai saiti ne, marigayi ya umarci madabod ɗin ta kunna kanta duk lokacin da wuta ta dawo.

"Malam, da hannuna na zare wayar daga soket," in ji shi. "Sau biyu. Washegari kuma ta tashi."

Nan dariyar ta koma ciki.

Muka je da rana tsaka, amma ɗakin duhu ne kamar rumbu. Jallabiyarsa tana rataye a ƙusa, ƙamshin turarensa bai gama fita ba. Na haska da fitilar wayata, sai ga filogi daram a cikin soket. Ban gama mamaki ba aka kawo wuta. Jan haske ya cika ɗakin, fankoki suka ɗauka, sannan wani gurnani ya biyo baya, irin na mai jan numfashin ƙarshe. Na san ruwan bututun ne ya ragu, famfo yake zuƙar iska. Na sani sarai, amma wallahi tsigar jikina ta tashi. Ƙanin kuwa tuni ya kai tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa.

Sai na ji motsi a bayana. Hajiya ce a bakin ƙofa, riƙe da carbi. Marigayi ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kara, kuma ko ranar jana'iza ba wanda ya ga hawayenta.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ba aljanu ba ne. Yanzu zan kashe saitin."

"Na sani, ɗan nan. Ni nake mayar da wayar."

Ta ƙura wa jan hasken ido.

"Da an kawo wuta, a guje yaron nan yake hawowa. Ni kuma ina ƙasa ina jin ƙarar, na san yana gida. Kakarin ne kawai ba na so. Irinsa na ji a asibiti."

Tausayi ya kama ni har na kasa ɗaga kai. Na cika ruwan, kakarin ya ɗauke. Na rage gudun da marigayi ya ƙure wa kwamfutar don kada ta ƙone, abin da da yana raye sai mun yi faɗa a kansa. Saitin kuwa ban taɓa shi ba. Na sauko na yi wa ƙanin bayani a soro, ya daɗe yana share ido da hularsa. Ba a fasa komai ba, Hajiya ma ba ta bar ɗakinta ba.

Tun ranar na koyi cewa ba duk mai shiru ne ya haƙura ba. Kuma kafin in kashe abin da ya dami gida, sai na fara tambayar wane ne yake kunna shi.