Injin da Muka Tono a Shagon Baba

Wata shida bayan rasuwar Baba, yayana ya ce zai share shagonsa na Sabon Gari ya mai da shi wurin buga waya da sayar da kati. Lokacin wayar hannu ta shigo gari, kowa ya kafa lema da benci ya zama ɗan kasuwa. Ban hana shi ba. Gyaran injin niƙa Baba yake yi tun da ya bar aikin reluwe, kuma ba wanda ya gaje shi a cikinmu. Ni koyarwa nake yi a Samaru, Yaya kuwa ko ƙusa ya buga sai ta lanƙwashe.

Can ƙuryar shagon, bayan tsofaffin kwanon rufi, muka tarar da wani inji lulluɓe da buhuna. Tsawonsa ya kai benci, ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Ba mu taɓa ganinsa ba. Yaya ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce ranar Asabar zai kira 'yan gwangwan su kwashe.

Na ce, "Haba Yaya, ka sayar da abin da ko sunansa ba ka sani ba?"

"To ke ki faɗa mini sunan. Kwana biyar gare ki. In kin gano abin kirki ne, na bar shi."

Ni kuwa ba a yi mini haka in yi shiru. Washegari na jawo wani maƙwabcina injiniya tun daga Samaru. Ya ce injin fere ƙarfe ne, ana ɗaure ƙarfen yana juyawa, wuƙa na fere shi kamar rake. Ya durƙusa yana neman tambarin kamfani, ya kankare nan, ya goge can, bai samu ba. Ba na Ingila ba ne, ba na Jamus ba, ba na Indiya ba. Sannan ya ce ma a juye yake, kan da ke riƙe ƙarfen ya kamata ya zauna a hagu, wannan kuwa yana dama.

"Malama, wani ne da bai san aiki ba ya kwance ya mayar. Ki bar wa 'yan gwangwan kawai."

Raina ya ɓaci ƙwarai.

Mama ce ta tuna mini da wani tsohon Bayarabe a Hanwa, wanda suka yi reluwe tare da Baba. Ranar Jumma'a na ɗauko shi a tasi, Yaya na shago yana auna inda zai sa kanta. Idon tsohon ya yi rauni, don haka da hannu ya duba. Ya shafa doguwar gadar injin, ya ce guntun layin dogo ne da aka saya a gwanjo. Ya laluba haƙoran, ya ce giyar tsohuwar lori ce. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"'Yata, kamfanin da kuke nema ai shi kuka binne. Shekara biyu babanku ya yi yana haɗa wannan, kowace Asabar. Ni na riƙe masa ƙarfen nan yana hudawa."

Yaya ya ajiye abin awonsa. "To Baba, me ya sa ya haɗa shi a juye?"

"A juye a wurinka. Babanku bahago ne."

Na ce ba zai yiwu ba, da dama Baba yake ci, da dama yake rubutu, da ita yake miƙa baiko a coci.

Tsohon ya ce bulala ce ta koya masa haka tun yana makaranta, har ya iya ɓoyewa. Amma injinan Turawa duk na masu dama ne, saura kaɗan ɗaya ya cire masa yatsa. Shi ne ya rantse sai ya ƙera wanda zai bi hannunsa. Da shi ya buɗe shagon nan. Sai da ya ɗauki masu koyon aiki suka kasa sarrafa shi, sannan ya sayi irin na kowa, ya rufe wannan.

Na tsaya ina kallon injin, hawaye na zuba, kaina kuwa kamar ya taɓa rufi. Mutumin da bai wuce aji huɗu ba ya ƙera abin da injiniya ya yi ta nema wa ƙasa a Turai. Ban taɓa alfahari da kowa kamar ranar ba.

Yaya ya koma kan awonsa, har na fara tsoron ko maganar ba ta shige shi ba. Ranar Asabar 'yan gwangwan suka iso da kurarsu da sikeli. Ya je gaban injin ya tsaya, ya ɗora hannun hagu a kan mariƙin, ya murɗa. Abin ya yi ƙara, ya motsa. Ya daɗe a haka, bai juyo ba.

"Shekara arba'in ina kallon hannun mutumin nan," ya ce. Sannan ya dubi 'yan gwangwan. "Ku yi haƙuri, ku kwashi kwanon rufin. Wannan babana ne ya ƙera."