Farashin Legas a Gonar Baffa

Daminar da yayana ya dawo daga Legas, kunnuwanmu ba su huta ba a Kademi, garinmu da ke ƙasar Gaya. Dako yake yi a wata kasuwa a can, amma in yana ba da labari a ƙofar gida sai ka rantse shi ke riƙe da tashar jiragen ruwa. Wai abin da ɗan ƙwadago ke samu a mako a gonakinmu, shi kafin azahar ya cusa shi a aljihu. Mu dai muna kallon wuyansa da ya koma kamar sillen kara, muna gyaɗa kai. Dukiyar da muka gani da idonmu baƙin tabarau ce da tari.

Lokacin ciyawa ta cinye gyaɗar Baffa, ƙanen mahaifinmu, samari kuma duk sun watse birni. Sai ya aike ni in kira masa attajirin.

"Ka kama min noman nan, in biya ka yadda ake biyan kowa," in ji Baffa.

Yayana ya gyara tabarau. "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ni yanzu jikina ya saba da farashin Legas."

"Madalla. Zan biya na Legas. Amma a can wa ke ba ka fura?"

"Saya nake."

"Ruwan sha fa?"

"Shi ma."

"Makwanci?"

Yayana ya sake gyara tabarau. Daga baya na ji ashe a rumfar wani yake kwana, shi ma da kuɗi, har bayan gida sai ya biya.

"To ka ga," Baffa ya ce, "furar gidana da randata da inuwar tsamiyata duk sun koma farashin Legas daga yau. Ɗakin da kake kwana ma zan yi wa babanka magana."

Washegari da sassafe na ga babban ɗan kasuwa ya saɓa fartanya. Ya yi noman a farashin Kademi, ya sha furar mutum biyu, bai tambayi ko nawa ba. Kafin a cire gyaɗa wuyansa ya ciko, tarin ya tafi.

Da kaka ta wuce ya sake haɗa jaka, amma a Kano ya tsaya, yana lodin buhuna a kasuwar hatsi. Kuɗin bai kai na Legas ba, ya fi na gida, kuma duk Juma'a yana hanya ya zo ya ci tuwon Inna kyauta. Yanzu mutanen Kano yake ba wa labarin yadda yake da gonaki a Gaya.