Dattijo Mai Makullai a Shagon Talabijin

A shagon Cyprian da ke kasuwar Taminus, wani dattijo ya ƙura wa talabijin ta bango ido. Kaftaninsa ya sha guga amma wuyan ya koɗe, yana ta juya tarin makullai a hannu.

"Baba, dubi hoto, har gumin 'yan ƙwallo kana gani," in ji Cyprian. "Yau ɗin nan za mu zo mu huda bango mu kafa maka."

Dattijon ya sunkuyar da kai, kamar an kama shi da laifi. Da alama tun rikicin da aka yi a garin nan yake raɓe a gidan suruki, makullan kuwa na gidansa ne da ya ƙone.

Ya nuna tsohuwar yayi mai ƙaton baya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Oga, ba ni waccan. Bangon ba nawa ba ne."