Zazzaɓin da Na Ɗauko a Filin Ƙwallo

Assalamu alaikum. Masu ta turo saƙo suna tambayar ina Alhaji Sabo ya shige, ga ni. Ban gudu ba, ban karye ba, kamar yadda na ji ana yaɗawa. Asibiti na kwanta a nan Guangzhou, kuma saura kaɗan a binne ni a ƙasar mutane.

Kun san ni. Da jaka ɗaya na shigo China, yau kwantena nake lodawa daga kasuwar jakunkuna ta Shiling. Ba na fara abu in fasa.

Wani mai masana'antar jakunkuna ne ya koya mana softbol: a jefo maka ƙwallo, ka doke ta da sanda, ka ruga ka taka alama kafin a cafko ta. Wasan ya dace da mu masu tumbi, da ƙwallon ƙafa ta fi ƙarfinmu. Ni na sayi sanduna, ni na kama fili, ni na haɗa karawa tsakanin mutanen Kano da na Maraɗi.

Sai ruwa ya ɓalle. Duk makon sama ba ta huta ba. Kwatar da ke bayan filin ta cika, ta tumbatso cikin ciyawa.

Alhaji Isufu, aminina ɗan Maraɗi, ya kira ni. "Alhaji, a ɗaga wasan nan. Filin ya koma tabki."

Na ce, "Ka dai ce tsoro kuke ji. Ku da ba ku san ruwa ba sai a buta."

Aka hallara ana yayyafi. Takalmi na ta santsi, na cire nawa na yar. Da na doki ƙwallo na ruga, na zube cikin taɓo, wani abu ya yanke ni a ƙwauri. Ƙaramin yanka ne. Na ɗebi ruwan wurin na wanke, na ci gaba.

Mun cinye su.

Bayan kamar mako sai zazzaɓi. Kai kamar zai rabe. Sharaɓata kuwa, ko zanin gado ya taɓa ta sai na yi ƙara.

Na ce maleriya ce. Wane Bakano ne ke zuwa asibiti don zazzaɓi? Maganinta na jakata, ba na tafiya babu shi. Na shanye, na ɗan ji dama, har na leƙa kasuwar Sanyuanli. Sai ya dawo, ya fi na farko.

Hajiya Binta, maiɗakina, ta kira ni ta bidiyo daga Kano. Ta ƙura min ido.

"Alhaji, matso da fuskarka. Me ya sami idonka?"

Na ce hasken waya ne. Ta kashe. Ashe Isufu ta kira. Shi ya zo ya ɗauke ni, ban iya saka takalmi da kaina ba.

A asibiti aka karɓi fasfo, aka ce a ajiye kuɗi tukuna. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Ganina baƙar fata, maleriya suka fara nema. Likitar, wata 'yar siririya, ta duba sakamako ta ce, "Meyo." Wato babu. Aka gwada zazzaɓin dengi, shi ma babu.

Idona ya yi ja da ruwan ɗorawa. Fitsari ya ɗauke, ban ma lura da yaushe ba.

Likitar ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara: "Ƙodarka tana tsayawa. Ba mu san dalili ba."

Aka sa min robar fitsari, aka rataye ledarta a gefen gado. Kullum da safe nas za ta ɗaga ledar, ta duba, ta mayar. Ni ma ita nake kallo wuni guda. Leda babu komai.

Suna ta tambaya: me ka ci, ina ka je? Rannan likitar na duba kumburin ƙafata sai ta tsaya a kan yankan nan, ya riga ya bushe.

"Ka shiga ruwan ambaliya?"

Kafin in buɗe baki Isufu ya ce, "Doktar, har birgima ya yi a ciki."

Fuskarta ta canza. Sunan cutar leptospirosis. Daga fitsarin ɓera take, ruwan sama ya kwaso ta daga kwata, ta shiga ta inda fata ta yage. Ta ce da na zo da wuri, ƙwayoyi kawai za a ba ni.

Aka ɗaura min magani ta ƙarin ruwa, aka hau wankin ƙoda. Ta faɗa min gaskiya: ƙodar na iya farfaɗowa, tana iya ƙi har abada. Ba ni da inshora. Kuɗin kayan da na zo saye a wurin suka narke.

Na tambayi Isufu ina maƙabartar Musulmi take a garin nan.

Ya ce, "Rufe mana baki. Ba inda za ka sai mun rama cin da kuka yi mana." Yana faɗa yana kallon taga.

Wata safiya nas ta ɗaga ledar, ta tsaya, ta fita da sauri ta kira likita. Ɗan kaɗan ne, baƙi kamar shayi. Ban taɓa zaton zan yi kuka ina hamdala a kan fitsari ba.

An sallame ni. Ƙodar ta dawo, amma ba duka ba. An hana ni gishiri, kuma bene ɗaya yana sa ni haki.

Alhamdulillahi. Hajiya, Allah Ya saka miki da Aljanna. Alhaji Isufu, wanda ya rufe harkarsa ya zauna da ni, ba ni da bakin gode maka. Duk wanda ya yi addu'a ko ya kawo tuwo, na gode.

Masu zuwa baje koli a Pazhou, nan Guangzhou, damina za ku tarar. Kada ku taka ruwan da ya kwanta ba takalmi. In da ciwo a ƙafa, a rufe shi. In kwata ta shigo fili, a bar wasan.

In zazzaɓi ya kama ka a ƙasar nan, kada ka buɗe jaka neman magani. Je asibiti ranar, kuma tun ba a tambaye ka ba, faɗa musu inda ka taka.